Wasan Ƙarshe na Kofin FA a Ƙasar Ingila

Daga cikin al'adun da mutanen Ingila suka gada, suke kuma girmamawa tamkar ranar idi, akwai wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa da ake kira Kofin FA, wanda galibi akan yi shi cikin watan Mayu a filin Wembley na birnin Landan. Babu gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da ta girme ta a duniya, domin tun a 1872 aka fara ɗaukar kofin, sa'ad da ƙungiyar Wanderers ta rinjayi ta injiniyoyin soja da ci ɗaya da nema.

Asalin martabarta, a ganina, shi ne ƙofarta da ke buɗe ga kowa, har ƙungiyoyi sama da 700 kan shiga, daga attajiran Manchester da Landan zuwa na ƙananan garuruwa waɗanda 'yan wasansu ke da wata sana'ar ta neman abinci. Kuma da yake ƙuri'a ce ke haɗa abokan karawa, wanda aka ci kuwa ya fita ke nan, sai ƙarami ya sami damar kunyata babba a bainar jama'a. Haka Wigan ta yi wa Manchester City a 2013, alhali kuwa ita kanta ta faɗo daga rukunin manya kwanaki kaɗan bayan haka.

A 1923 aka kai wasan Wembley, kuma jama'ar da ta yi dafifi ran nan ta fi ƙarfin wurin, har ta malalo cikin fili a gaban Sarki George na Biyar, ba a iya fara wasa ba sai da wani ɗan sanda bisa doki ya yi ta jan mutane baya sannu a hankali. Dokin nan ya shiga tarihi a matsayin fari, ko da yake a hoto ne kawai ya fito fari. Tun 1927 akan rera wata waƙar addinin Kirista kafin a take ƙwallo, wani daga gidan sarauta ya gaisa da 'yan wasa, daga bisani waɗanda Allah ya ba nasara su hau matakala su karɓi kofi.

Mu ma 'yan Nijeriya muna da rabonmu a ciki: Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya ɗauka da Everton a 1995, Nwankwo Kanu kuma shi ya ci wa Portsmouth ƙwallo ɗayan da ta ba ta kofin a 2008.

Amma fa dukiyar gasar Firimiya da ta Zakarun Turai ta rage wa ranar kwarjini, har akan ga babbar ƙungiya ta ajiye gwanayenta a wasanninta na farko a Kofin FA. A 2024 ma hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta soke sake wasa idan an yi kunnen doki, tun daga zagayen farko na ainihin gasar, al'adar da ƙananan ƙungiyoyi ke samun kuɗin ƙofa da ita, kuma sun yi ƙorafi ƙwarai ba a saurare su ba.