Dogon Gilashi a Dajin Yankari: Aikinsa da Abin da Ke Kashe Shi

Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne ake ganin namun dajin Yankari da kyau. Ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, dole giwa da ɓauna da gwanki su gangaro kogin Gaji neman ruwa. Sai dai watannin da dabbobi suka fi fitowa fili su ne kuma watannin da ƙura ta fi cika iska, daga Maris kuma rana ta ɗora nata. Mai hoton da ya shigo da dogon gilashin kyamara, irin wanda ake juyawa ya miƙe ko ya koma, ya kawo kayansa ne a lokacin da ya fi buƙatarsa, kuma lokacin da ya fi saurin lalacewa.

Lambobin da ke jikin gilashin su ne ke faɗin ƙarfinsa. Mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa. Mai milimita 600 kuwa zai nuna abin nan da girma ninki goma sha biyu. Idan aka rubuta 150-600, ana nufin gilashi ɗaya ne ke yawo tsakanin waɗannan iyakoki biyu, abin da masu sana'ar ke kira zum. A Yankari wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Dajin da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma mafi yawansa itatuwa ne da sarƙaƙiya, ba fili fetal irin na Gabashin Afirka ba. Giwa na iya ɓullowa daga bayan kurmi ta cika hanya, minti biyar bayan haka kuma sai ga burtu can nesa yana kiwo. Ba wanda zai samu sararin sauya gilashi tsakanin su biyun.

A da, galibi masu hannu da shuni ne ke kai wa milimita 600. Har yau manyan gilasan da ba su da zum, masu buɗewar f/4, sun haura dala 10,000. A ƙarshen 2013 ne kamfanin Tamron ya fito da 150-600 a farashin da bai kai dala 1,100 ba. Sigma ta biyo baya da nata, Nikon ta kawo 200-500 a 2015, Sony kuma 200-600 a 2019. Kowannensu nauyinsa kilo biyu ne ko kusa da haka.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a nan hasken da ke shiga ne aka rage. Idan aka miƙe yawancin waɗannan gilasai zuwa ƙarshe, buɗewarsu f/6.3 ce, wadda ba ta shigar da ko rabin hasken da f/4 ke shigarwa. Ga shi kuma dabbobi sun fi motsi da sassafe da gab da magariba, lokacin da hasken ke da rauni. Ƙari a kan haka, gilashin da ya ninka girman dabba ya ninka rawar hannun mai riƙe da shi. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza lambar gilashin: a milimita 600, aƙalla 1/600 na daƙiƙa. Kyamarorin Nikon da Sony masu ƙaramin faifan karɓar haske suna ƙara ninki ɗaya da rabi, sai 600 ta yi aikin 900, don haka 1/1000 ta fi kwanciyar hankali. Tsuntsu mai tashi sama yana son 1/2000. Na'urar hana rawa da ke cikin gilashin tana taimako sosai, amma hannun mutum take kwantarwa, ba ta tsayar da mazon da ya zabura. Gara a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoto ya ɗan yi tsakuwa-tsakuwa, domin wannan kwamfuta na iya ragewa, dishi-dishi kuwa ba shi da magani.

A cikin mota, turke mai ƙafa uku ba ya da wurin tsayawa. Abin da ya fi shi aiki ƙaramar jaka ce da aka cika da gero ko wake aka ɗinke, a ɗora ta a kan taga, a kwantar da gilashin a kai. Sannan a roƙi direba ya kashe inji, domin kaɗawar mota tana bin ƙarfe har ta isa cikin hoto.

Akwai wata matsalar da ke sa mutane zagin gilashinsu alhali bai yi laifin komai ba. Idan hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta sai ta riƙa tashi tana kaɗawa, ita ce kawalwalniyar da matafiyi ke hangowa a kan kwalta. Dogon gilashi yana leƙawa ta cikin ɗaruruwan mitoci na wannan iska, yana kuma ƙara mata girma. Hoton ɓauna zai fito gefunansa sun narke, ko da da gilashin dala 10,000 aka ɗauka. Har zafin da ke tasowa daga kan injin motar kanta yana yin haka. Maganin kawai shi ne a fita da wuri, ko a jira dabbar ta rage tazara da kanta. Da kanta, ba mai hoto ya sauka ya bi ta ba: giwa mai ɗa da dorina a bakin ruwa ba abokan wasa ba ne, kuma maganar jagoran daji ita ce ta ƙarshe.

Ƙurar hunturu ba ƙurar banza ba ce. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta haɗu da rairayin Sahara a kan hanya. A cikinta akwai ɓarɓashin dutsen da ya fi gilashi tauri. Wanda ya ga fuskar gilashinsa ta yi fari ya sa bakin riga ko jelar rawani ya goge, ya kankare siririn fentin da kamfani ya shafa domin hana ƙyalli, kuma wannan ba ya dawowa. Tsarin gogewa shi ne a fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, a bi da burushi mai laushi, sai a ƙarshe a ɗiga ruwan goge gilashi a kan tsabtataccen ƙyalle, ba a kan gilashin ba, a shafa daga tsakiya zuwa gefe.

Ƙurar kuma tana shiga ciki. Gilashin da ke miƙewa yana komawa aikin zugazugin maƙeri yake yi: in ya miƙe ya zuƙi iska, in ya koma ya fitar. Tsohon Canon 100-400 na 1998, wanda turawa da ja ake yi maimakon juyawa, har laƙabin famfon ƙura masu hoto suka yi masa. Na Sony 200-600 tsayinsa ba ya sauyawa, duk motsin a ciki yake, kuma ga mai aiki a yankin hazo wannan dalili ne mai ƙarfi na zaɓensa. Amma kada hankalin kowa ya tashi don ya hango 'yan ɗigon ƙura a cikin gilashi. Da wuya su bayyana a hoto, kuma wanda ya kwance gilashin a gida don ya share su ya fi ƙurar ɓarna. Wadda ke fitowa a hoto ita ce wadda ta sauka a kan faifan karɓar haske na cikin kyamara, baƙaƙen tabo a sararin sama, kuma galibi lokacin sauya gilashi take samun ƙofa. A ɗaura gilashi tun daga masauki, a bar shi a jikin kyamarar. Tsakanin tsayawa da tsayawa kuma, tsohuwar rigar matashi ta isa ta rufe kayan gaba ɗaya.

Masu hoto sun daɗe suna gardama a kan filta, wato faifan kariya da ake ɗaurawa a gaba. Waɗannan gilasai filta mai faɗin milimita 95 suke ɗauka, mai kyau tana da tsada, mai araha kuma tana dusashe hoto, dusashewar da ta fi fitowa a dogon zango. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a sa mai kyau a ranakun hazo da iska, sauran ranaku a dogara da hular gilashin. Wannan zagayayyar roba ita ke karɓar bugun reshe da na ƙofar mota, kuma kyauta take zuwa a cikin kwali.

Kilo biyu ya yi wa bakin kyamara nauyi, shi ya sa ake ɗaga kayan ta ƙafar da ke jikin gilashin, ita ake kuma ɗaurawa a kan turke. A hanya mai gargada, wurinsa cinya ne, ba ƙasan mota ba. A sansanin Wikki na cikin dajin kuma gwaggon biri ya ƙware wajen fizge jaka don neman abinci, ba ruwansa da abin da ke ciki. Rana ma tana da nata haɗarin. Bayan husufin 21 ga Agusta 2017 a Amurka, wani kamfanin ba da hayar kayan hoto ya nuna gilasai da kyamarorin da aka dawo masa da su cikinsu ya narke. Ba a barin dogon gilashi yana fuskantar rana babu murfi, ba a kuma leƙa ta da ido ta cikinsa.

Duk da haka, gilasai da yawa ba a daji suke mutuwa ba, a cikin ɗaki ne, da damina. Danshi da duhu da rashin iska su ne abin da fumfuna ke so, kuma jakar da aka zuge aka tura ƙarƙashin gado tun watan Mayu ta haɗa duka ukun. Fumfunar tana yaɗuwa a kan gilasan ciki, in ta daɗe ta ci fentinsu, ko an wanke tabon na nan. Masu hali suna sayen akwatin lantarki mai riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ba shi da shi, bokitin roba mai murfi mai kamawa ya wadatar, a zuba 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa busar da su lokaci-lokaci. Haka nan in za a fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa waje mai danshi, a bar kayan a rufe cikin jaka har su ɗauki zafin waje, kada raɓa ta kwanta musu a ciki.

Da yake yawancin masu farawa na hannu suke saya, akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba. A cire murfin gaba da na baya, a haska fitilar waya ta gefe ɗaya, a leƙa ta ɗayan. 'Yan ɗigon ƙura ba komai ba ne, a nemi ragi da su. Amma in aka ga fararen zare-zare sun yi rassa daga gefen gilashin, a mayar wa mai shi abinsa, komai arahar da ya yi.