Neman Notin Ƙafar Tsohuwar Mota: Labarin MGB

A garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila aka ƙera mota ƙirar MGB, daga 1962 har zuwa 1980 lokacin da aka rufe masana'antar. Ƙaramar mota ce ta 'yan gayu, mai kujera biyu, ana naɗe rufinta a sha iska, akwai kuma mai rufin ƙarfe da ake kira GT. An ƙera sama da 500,000, akasarinsu aka kai Amurka, kuma har yau dubbai suna bisa titi a hannun masu sha'awar tsofaffin motoci. Irin waɗannan mutane ba sa jin ciwon kashe kuɗi kan fenti da kujerun fata da gyaran inji. Amma abin da kan tsayar musu da aiki mako da makonni sau da yawa bai wuce tsawon yatsa ba: notin da ke riƙe da ƙafar mota.

Duk kayan ƙafar gaban MGB a jikin wani ƙarfe guda suke, mai kauri, wanda ya gitta ƙarƙashin inji. Sifirin yana kansa, hannayen da ke riƙe da taya suna kansa, kan sitiyari ma a nan aka ɗaure shi. Shi kuwa wannan ƙarfe noti huɗu rak ne ke haɗa shi da jikin mota, da 'yan robobi a tsakani don rage jijjiga. Shakazobarta ba irin doguwar nan ba ce da muka saba gani. Wani ɗan akwati ne mai cike da mai, ƙirar kamfanin Armstrong, da hannu ya fito daga jikinsa, kuma wannan hannun shi ne ke riƙe da taya ta sama. Tsarin ya girmi motar nesa ba kusa ba, domin Alec Issigonis, wanda daga baya ya zana Mini, yana cikin waɗanda suka tsara shi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Noti huɗu masu kaurin 3/8 na inci ke ɗaure kowace shakazoba. In suka saki, ba ƙara kawai za a ji ba, saman tayar ne gaba ɗaya zai fara rawa.

To, mutum ya kwance ɗaya, ya tarar tsatsa ta cinye shi, ko kansa ya suɗe. Sai ya jefa shi aljihu ya nufi mai sayar da noti. Mai shago ya juya shi a tafin hannu, ya tona gwangwani, ya ɗauko wani mai kama da shi, ya gwada masa mace ta shige. "Shi ne," in ji shi. Nan ne fa matsalar take farawa, domin kama da wane ba wane ba ce.

Kafin 1841 kowace masana'anta a Ingila da irin haƙoran da take yanka wa notinta, na wannan ba ya shiga macen wancan. A shekarar ne Joseph Whitworth, wani injiniya a Manchester, ya kawo tsari guda: ga adadin haƙora a kowane inci, ga kusurwar haƙori digiri 55. Tsarin ya karɓu, aka sa masa sunansa, daga baya aka ƙaro mai ƙananan haƙora da ake kira BSF, wanda masu ƙera motoci suka fi so. Su kuwa Amurkawa sai suka bi shawarar William Sellers ta 1864, mai digiri 60. Ba a san zafin wannan rabuwar kai ba sai da yaƙi ya zo, aka wayi gari kayan gyaran tankar Amurka ba sa hawa ta Ingila alhali a fage ɗaya suke. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1940 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tsari na bai ɗaya, wanda ya haifi UNF mai ƙananan haƙora da UNC mai manya. Masana'antun motocin Ingila ba dare ɗaya suka koma kansa ba. Sannu a hankali aka yi, wani ɓangaren mota ya sauya, wani ya zauna yadda yake. MGB ta zo bayan ƙura ta lafa, don haka yawancin notinta, har da na ƙafa, UNF ne.

Yayyenta ba su yi wannan sa'a ba. Injin MG TC da TD da TF yana da wani abin dariya: haƙoran notinsa na milimita ne irin na Faransa, kan notin kuma sai sifanar Whitworth ke kama shi. Dalili shi ne kamfanin Hotchkiss na Faransa ya kafa masana'antar bindigogi a Coventry lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan yaƙi ya koma ƙera wa William Morris injin mota, a 1923 Morris ya saye wurin da injinansa duka. Aka ci gaba da yanka haƙora da kayan Faransawa, aka yi wa notin kai irin na gida don kanikawan Ingila su iya kwancewa da sifanar da ke hannunsu. Haka aka tafi har tsakiyar shekarun 1950.

Da a ce noti na wani tsari ba ya shiga macen wani tsari sam, da sauƙi. Haɗarin yana wajen waɗanda suke shiga. Noti mai kaurin 3/8 na inci yana da haƙora 24 a inci in UNF ne, 20 in BSF ne. Waɗannan za su cije bayan murɗa biyu ko uku, kuma wanda ya sa ƙarfi ya lalata ramin. Amma 3/8 na UNC da na Whitworth duka haƙora 16 gare su, kusurwa ce kawai ta bambanta, don haka suna shiga juna, su riƙe da gefen haƙori maimakon duk fuskarsa. Mafi muni a ganina shi ne rabin inci na UNF da milimita 12 mai ƙananan haƙora. Tazarar haƙoran na farko milimita 1.27 ce, ta na biyu 1.25. Ido ba zai raba su ba. Sai dai rabin inci milimita 12.7 ne, wato notin milimita ya fi siranta. Zai shige macen rabin inci sumul, har ya yi kamar ya ɗauru, alhali bakin haƙoran ne kawai ke taɓa juna. Ranar da mota ta faɗa rami da gudu, ranar zai zare.

Saboda haka aikin farko awo ne, ba kallo ba. Akwai ma'aunin kauri, akwai kuma wani ɗan abu mai arha mai ganyayyakin ƙarfe masu haƙora, ana ɗora su kan noti ɗaya bayan ɗaya har a sami wanda ya zauna daram ba haske a tsakani. Kada kuma a yarda cewa notin da aka cire shi ne na asali. Motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannun kanikawa iri-iri, kuma ba mamaki wani ya riga ya cusa abin da ya samu. A auna ramin ma, a kuma duba kundin kayan gyara.

Wannan kundi yana da daɗin karatu ga wanda ya san sirrinsa. Kamfanin da ya mallaki MG a lokacin ya ɓoye awon noti cikin lambarsa. Ɗauki BH606161. Haruffan farko suna nufin noti mai kai kusurwa shida wanda haƙora ba su kai wuyansa ba. Lamba 6 ta farko tana nufin UNF, da 5 ce da UNC ke nan. Sai 06, wato kashi 6 cikin 16 na inci, 3/8 ke nan. Sai 16, tsawo a lissafin kashi takwas-takwas, inci 2. Wanda lambarsa ta fara da SH kuwa haƙoransa sun kai har wuya. Duk notin da ke da irin wannan lamba na gama-gari ne, ana samun sa wajen kowane amintaccen dillalin notin inci. Wanda lambarsa ta saba wa wannan tsari, kamar huɗun nan da ke riƙe da babban ƙarfen gaba, ƙira ce ta musamman, ba a musanya shi da na gwangwani. Nan kuma sai an san shekarar mota. A 1974, don cika dokokin Amurka, aka sa wa MGB baƙar bamba ta roba, aka ɗaga tsayinta daga ƙasa, babban ƙarfen ma aka sauya shi. Mai oda sai ya karanto lambar jikin motarsa, wadda kan fara da GHN3 ko GHN4 ko GHN5 in mai buɗaɗɗen rufi ce, kafin ya biya kuɗi.

Bambancin BH da SH ba ado ba ne. Notin ƙafa yawanci yana ratsa cikin bututun bushi, nauyin mota yana danna shi ta gefe kamar almakashi. Sashen da ba haƙora, mai santsi da cikakken kauri, shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyi. In aka sa mai haƙora har wuya, ƙarfen ya fi siranta a wurin, kowane kwarin haƙori kuma mafarin tsagewa ne, ga shi yana cin ramin yana faɗaɗa shi.

Sai maganar ƙarfi, wadda a kan noti ake karanta ta. Na Amurka mai zane uku a ka shi ne daraja ta 5, mai zane shida daraja ta 8. Na milimita ana buga masa 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Tsofaffin na Ingila harafi ake sa musu, kuma mai S ya yi kusa da 8.8 da daraja ta 5. Wanda kansa fayau yake ba alama, a bar wa masu haɗa ƙofa da gado. Alamar ma ba rantsuwa ba ce: a shekarun 1980 an gano jabun noti masu tambarin ƙarya sun cika kasuwar Amurka har cikin kayan soja, abin da ya kai ga kafa doka a kansu a 1990. Wurin da aka saya yana da muhimmanci kamar abin da aka rubuta a ka.

Masu son ƙyalli suna da nasu tarkon. Notin da ba ya tsatsa, mai alamar A2-70, yana da kyau a ido, kuma wanda ya sha wuyar tsatsa dole ransa ya biya. Amma yana fara miƙewa a ƙarƙashin nauyin da bai wuce kashi 70 cikin 100 na abin da 8.8 ke jurewa ba, ga shi da halin cijewa da macensa su manne. A bamba ko fitila ba laifi, a ƙafa kuwa ban ga hujjarsa ba. Haka nan kai noti mai tauri sosai a yi masa ruwan ƙyalli na iya sa shi gautsi ya karye ba gargaɗi.

Samun na gaskiya bai yi wuya yadda ake zato ba, domin MGB na cikin tsofaffin motocin da suka fi gata a duniya. Moss Motors, wanda Al Moss ya kafa a Kaliforniya a 1948, da reshensa na Turai, da Rimmer Bros na Lincoln, suna buga kundi mai zane, kowane noti da lambarsa. British Motor Heritage a Witney har sabon jikin motar yake bugawa da kayan aikin asali. Ƙungiyoyin masu motar, irin su MG Car Club da aka kafa a 1930, cike suke da dattawan da suka kwance ƙafar nan sau ba adadi. A ƙasar Hausa MGB ba ta da yawa, amma duk mai tsohuwar Land Rover ko tsohuwar tarakta Massey Ferguson ya san wannan ciwon kai, tun da Peugeot da motocin Japan suka mai da kasuwar noti ta milimita. Mai neman na inci gara ya fara da masu sayar da kayan tarakta da na manyan motocin Amurka. Kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanko sabo daga rodi kuwa, siffar za ta fito, taurin ne ba zai fito ba.

Cire tsohon shi ma aiki ne. Noti kan manne da bututun bushi har su zama ƙarfe ɗaya, sai a jiƙa shi da mai mai ratsa tsatsa a bar shi ya kwana, in ya ƙi a gasa, in ya ƙi a yanke da zarto ta gefe biyu. Kafin a taɓa komai a ƙafar gaba, a tokare faifan da sifirin ke zaune a kai da jak, domin sifirin a danne yake, in ya kuɓuce yana iya karya mutum. In haƙoran ramin shakazoba sun goge, ana gyara su da zoben waya irin na Helicoil, ba a cusa mafi kauri da ƙarfin tsiya. Mace mai zoben roba a ciki sabuwa ake sawa, mai tsaga a ka kuma a zura mata sabon fil. Ɗaurin ƙarshe na duk notin da ya ratsa bushin roba sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A ɗaure da sifana mai ma'auni gwargwadon abin da littafin gyara ya faɗa, bayan 'yan kwanaki ana hawa kuma a sake bin notin shakazoba ɗaya bayan ɗaya.