Ma'aunin Guguwar Teku: Iska Ake Aunawa, Ruwa Ke Kisa

Duk wanda ya yi damina a Ƙaura Namoda ko Zurmi ya san daga gabas hadari ke tasowa, iska ta riga ruwa isowa, ta yaye jinka da kwano, sa'an nan ya wuce yamma. To, wani hadarin ba ya mutuwa sai ya ratsa ƙasashe ya kai bakin teku wajen Senegal. In ya hau ruwa mai ɗumi sai ya yi ta juyi yana ƙara ƙarfi, har ya zama guguwar da ke rushe biranen Amurka. Masana sun ce mafi yawan manyan guguwar Tekun Atalantika nan ne asalinsu.

A 1971 waɗansu mutum biyu na Amurka, Saffir injiniya da Simpson shugaban ofishin lura da guguwa, suka tsara mata ma'auni mai daraja biyar. Ta fari ita ce in gudun iska ya kai mil 74 a sa'a guda. Ta biyar kuwa daga mil 157 abin da ya yi sama. A 2024 masana biyu, Wehner da Kossin, suka kawo shawarar ƙara ta shida don wadda ta wuce mil 192, tun da teku na ƙara ɗumi. Hukuma ba ta karɓa ba.

Lalle aibin ma'aunin nan ba ƙarancin daraja ba ne. Mai awon gero a kasuwar Shinkafi ya san mudu yawa kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin ko da tsakuwa a ciki. Haka wannan: iska yake aunawa, ba ruwansa da ruwa, alhali ruwa ya fi kisa. Guguwar Katrina ta 2005 tana daraja ta uku ta sauka, amma ruwa ya fasa madatsai ya ci mafi yawan birnin New Orleans, mutum fiye da dubu suka rasu. Ta 2018 da ake kira Florence ta sauko daga ta huɗu zuwa ta ɗaya kafin ta iso tudu. Mai jin haka sai ya saki jiki, ga shi kuwa kwana da kwanaki ta yi tana zuba.

Malamai sun san Adawa da iska aka halaka su, mutanen Annabi Nuhu kuwa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ruwa. Mazauna bakin Gagare da Bunsuru, masu zuba cikin gulbin Rima, su ma shaida ne. A Satumba 2010, da ruwa ya yi wa madatsar Goronyo yawa, ba iska ce ta kwashe ƙauyuka da gonaki ba. Allah ya kiyaye.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar daraja biyar yadda suke, a ba ruwa nasa awon. Amurka ta kama hanya: tun 2017 gargaɗin tumbatsar teku dabam ake fitar da shi, ba a haɗa shi da na iska.