Me Ya Sa Tsofaffin Magoya Bayan Katsina United Suka Yi Sanyi?



A hutun da ya wuce na je gida Kankia, wata ranar Lahadi na hau mashin na nufi Kusada gaida kawuna. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, rediyonsa na gefe a kashe. Abin ya ɗaure mini kai, domin ƙarfe huɗu ta gota, kuma ran nan Katsina United na da wasa. Tun ina yaro na san in dai ranar wasa ce, daga sallar la'asar har magariba ba mai samun kan Kawu. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, yau ba ku sauraren wasa ne?" Sai ya ce, "Ɗana, in gida suke za su ci, in waje suke za a ci su. To mi zan saurara?"

Wannan amsa ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Kawu ba shi kaɗai ba ne. A majalisun Kankia da Kusada akwai dattawa da yawa irinsa, waɗanda a da suke haɗa kuɗin mota su tafi Katsina kallon wasa, yau ko sakamako ba su cika tambaya ba. Ina so mu duba abin da ke kashe wa tsohon mai goyon baya gwiwa, da abin da ke sa ƙungiya ta tsaya wuri guda shekara da shekaru.

Ba rashin nasara ba ne

Da yawanmu ba a haife mu ba lokacin da Katsina United ta yi tashenta. Sau uku a jere ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Najeriya. A 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta, a 1996 Julius Berger ta Legas, a 1997 kuma Eagle Cement ta Fatakwal. Duk ukun kofin ya kuɓuce. Amma Kawu ya ce wallahi bai taɓa son ƙungiyar kamar a waɗannan shekarun ba. Dalilinsa shi ne, ko an ci su, gobe da safe a kasuwa ana cewa baɗi namu ne, kuma mai faɗin haka da gaske yake.

Bayan nan ƙungiyar ta shafe shekaru masu yawa ba a jin ɗuriyarta a babbar gasa. A 2016 ta samu hawa, ta fara buga Firimiyar Najeriya a kakar 2017, ga kuma sabon filin Karkanda da aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko, wanda samun irinsa a Arewa sai an tona. Mutane suka ce to, yanzu aka fara. A 2022 ta faɗa ƙaramar gasa, a 2023 ta dawo. Har zuwa ƙarshen kakar 2024/2025 ba ta taɓa ɗaukar gasar ba, ba ta taɓa ɗaukar Kofin Ƙalubale ba. Kwan gaba kwan baya kenan, kusan shekara 30.

Mai goyon baya na iya jure shan kashi, har ma ya ƙara masa ƙauna. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ya san ƙarshen labari tun kafin a take wasa. To me ke kawo haka? Ga abubuwa huɗu da na lura da su, kuma ba Katsina United kaɗai suka shafa ba, ciwon yawancin ƙungiyoyin gasarmu ne.

Na farko: lissafin maki

A tsarin da aka saba, ƙungiyoyi 20 ne a gasar. Kowace na buga wasa 38, wato 19 a gida, 19 a waje. Nasara maki 3, canjaras maki 1, kuma huɗun ƙarshe ke faɗuwa. Mu ɗauki misali. Ƙungiya ta ci wasa 14 a gida, ta yi canjaras 4, ta samu maki 46 kenan. In ta tsinci canjaras 4 ko 5 a waje, ta kai maki 50 ko 51. Da irin wannan maki galibi ana zama a tsakiyar teburi lafiya lau, ba kofi, ba faɗuwa.

Kun ga ƙungiya na iya shekara goma a babbar gasa ba tare da ta koyi cin wasa a waje ba. Ga shugabanninta, an cika aiki, tunda ba a faɗi ba. Ga Kawu kuwa, bana ta zama bara, bara ta zama bara waccan.

Na biyu: wa ke da ƙungiyar?

Katsina United ta gwamnatin jiha ce, kamar Kano Pillars da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da mafi yawan ƙungiyoyin gasar. Kuɗin albashi da tafiye-tafiye da masauki daga kasafin gwamnati suke fitowa, gwamnati ce kuma ke naɗa shugabanni. 'Yan sashen koyon kasuwanci za su gane matsalar nan take. Mai shago da ke cin abinci daga aljihun masu saye, in suka daina zuwa dole hankalinsa ya tashi. Ƙungiyar da kuɗinta ba daga tikiti ko sayar da riguna yake zuwa ba, ko fili ya cika ko bai cika ba, lissafinta bai canza ba. Fushin mai goyon baya ba ya taɓa asusunta.

Sannan wa'adin gwamnati shekara 4 ne, gina ƙungiya kuwa ya fi haka. Wanda aka naɗa yau bai san ko zai kai baɗi ba, don haka abin da zai sa a gaba shi ne kada a faɗi a hannunsa. Wa zai shuka mangwaro a gonar aro?

Ban ce mallakar gwamnati ita ce mutuwa ba. Enyimba ta gwamnatin Abiya ce, ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Pillars ta ɗauki gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Sai dai irin wannan nasara ta dogara ne ga sha'awar wanda ke kan kujera. Ranar da sha'awar ta yi sanyi, babu wani tsari da zai riƙe ƙungiyar. Ita kanta Pillars ai tare muka faɗi da ita a 2022.

Na uku: sababbin fuskoki duk kaka

A gasarmu an saba da gajeren kwantiragi. Kaka na ƙarewa a sallami tarin 'yan wasa, a ɗebo wasu daga gwaji, sau da yawa a canza koci. Koci ba ya samun lokacin da zai koyar da salo, 'yan wasa ba su saba da juna ba sai kaka ta yi nisa. Wanda ya yi fice kuma ya tafi, ƙungiya ba ta samu abin kirki ba tunda kwantiraginsa ya ƙare.

Wannan na taɓa zuciyar mai kallo kai tsaye. Mutum ba ya son tambari kawai, sunaye yake so. Na tambayi yaran unguwarmu a Kankia su lissafo mini 'yan wasan Katsina United biyar, aka yi ta kallon juna. Da na ce na Real Madrid, har da 'yan benci suka kawo.

Ku kwatanta da Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, tana da filinta da makarantar rainon yara. Ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki gasar a 2025. Ita ma ta sha faɗuwa a baya. Bambancin shi ne mai goyon bayanta na ganin tsani, yana kuma ganin ana takawa.

Na huɗu: gidan kallo

A zamanin su Kawu, in kana son ƙwallo, ta gida ce a gabanka. Yau kowane lungu na Kankia da gidan kallo, da janareta da talabijin biyu ko uku. Da kuɗin da bai kai na motar zuwa Katsina ba za ka kalli wasan Ingila da na Sifaniya a zama ɗaya. Ƙungiyar gida ta samu kishiya, amma har yanzu tana tafiya kamar ita kaɗai ce a gidan.

Sai dai ciwon ya bi mu har can. Ku tambayi 'yan Manchester United na ajinku. Bayan tafiyar Alex Ferguson a 2013 aka yi ta canza koci ana zuba kuɗi, amma a kakar 2024/2025 ta 15 suka ƙare. 'Yan Arsenal sun shafe sama da shekara 20 daga 2004 suna jiran kofin gasar. Bambancinmu da magoya bayan can shi ne su suna da murya. Lokacin da iyalan Glazer suka sayi Manchester United a 2005, wasu magoya baya sun fice sun kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester. A Jamus akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi. A Barcelona da Real Madrid mambobi ne ke zaɓen shugaba.

Fushi, jifa, ko shiru

Mai goyon bayan da ba shi da murya hanya biyu ta rage masa: ya yi jifa ko ya yi shiru. Mun ga inda jifa ke kaiwa. A watan Afrilun 2022 wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya tashi da hargitsi, aka farfasa motar Katsina United. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen kakar duk su biyun suka gangara. Kankia na kan hanyar Katsina zuwa Kano, muna da 'yan Sai Masu Gida da yawa, ran nan ba wanda ya samu bakin yi wa wani dariya.

Shiru kuwa shi ne abin da Kawu ya zaɓa, kuma a ganina ya fi haɗari. Mai zagi har yanzu yana ciki. Wanda ya kashe rediyo ba zai kai ɗansa fili ba, ɗan kuma zai tashi bai san yana da ƙungiya ba. Asarar ba ta tsaya ga nishaɗi ba. Yaron da ke murza leda a filin firamare a Kusada, ƙungiyar jiha ce ƙofarsa mafi kusa. Haka mai sayar da ruwa da mai tsire da ɗan acaɓa da ke samun na cefane ranar wasa.

Ina namu a ciki?

Akwai hanya ta uku, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Magoya baya na iya yin ƙungiya mai rajista da katin mamba da ɗan kuɗin shekara, domin wanda ya sa kuɗinsa yana da bakin tambaya. Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne. Nawa aka ware wa ƙungiyar bana, nawa ta samo da kanta? 'Yan wasa nawa ke da kwantiragin da ya wuce shekara 2? Yara nawa daga gasannin ƙananan hukumomi suka kai babbar tawaga? Ina ake son kaiwa nan da shekara 5? Masu neman batun furojet a sashen akanta da kasuwanci da aikin jarida, ga shi nan a ƙofar gida. Sannan mu da ke karatu a Katsina, filin yana kusa da mu. Mu je, mu sayi tikiti, mu zauna lafiya, mu koyi sunayen yaran.

Da aka kira magariba na tashi zan yi wa Kawu sallama. Yana naɗe tabarma, bai ko dube ni ba, ya ce, "Kai, duba wayar nan taka, nawa aka tashi?" Na duba na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ai na gaya maka." Ya ɗauki rediyonsa da butarsa ya nufi masallaci.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kuma nuna wa su Kawu ranar da za su sake kunna rediyo.