Ciwon da Ba Ya Sallama: Sunayen Cututtukan Ido a Hausa da Muhimmancin Gwajin Ido a Kai a Kai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi cututtukan ido da suka fi addabar jama'a a ƙasar Hausa, tare da sunayen da Bahaushe ya laƙaba musu. An lura cewa galibin sunayen sun ginu ne a kan abin da ake gani ko ake ji a jiki, alhali cututtukan da suka fi saurin kai mutum ga makanta ta dindindin ba su da alama a farkonsu. Maƙalar ta nuna cewa gwajin ido a kai a kai shi ne hanyar cike wannan giɓi, kuma masana Hausa suna da rawar da za su taka.

Fitilun Kalmomi: ido, makanta, yana, gilakoma, rigakafi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, wato ya ɗora ido a kan sauran gaɓɓan da ake tabbatar da gaskiyar abu da su. Duk da wannan daraja, ba kasafai yake kai idonsa asibiti ba sai ya yi ja, ko yana ruwa, ko gani ya dusashe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu ta kasance wadda za a iya hanawa ko a magance. A Nijeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da za a iya kauce masa ne.

2.0 Cututtukan da Suke da Suna

Akwai cututtukan ido da Bahaushe ya daɗe da saninsu, domin kowannensu yana bayyana kansa.

Yanar ido ita ce kan gaba, domin ita ta haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar da binciken ya gano. A cikin ido akwai wata ƙwaya garai-garai mai tattara haske kamar gilashin tabarau. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya kama mutum, ko ido ya bugu, sai ƙwayar ta yi hazo. Sunan yana ya sa wasu suna zaton wata fata ce ta lulluɓe ido daga waje, wadda za a iya wankewa da magani. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Aiki ake yi a cire ƙwayar a sa ta roba, gani ya dawo. Masu aikin gargajiya kuwa sukan soka tsinke su tura ƙwayar cikin ido. Binciken ya tarar cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka bi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu ba sa gani.

Dundumi shi ne rashin gani da zarar magariba ta yi. A tsakanin yara yakan samo asali daga ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda ake samu a hanta da manja da karas da zogale da mangwaro. Idan ƙarancin ya tsananta, musamman bayan ƙyanda, gaban ido kan yi gyambo ya warke da farin tabo, wato hakiya.

Amosanin ido ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana yaɗuwa ta hannu da tsumma da ƙuda, musamman inda ruwa ya yi ƙaranci. Yawan kamuwa tun ƙuruciya yakan sa fatar ido ta tanƙware ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido har ya lalata ta. Gana ta samu shaidar kawar da shi a 2018. Haka nan makantar da cizon baƙin ƙuda na bakin koguna ke jawowa ta ja baya sosai tun da aka fara rabon maganin Mectizan kyauta a 1987, kuma a Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da ita.

Apolo kuwa baƙon suna ne. Annobar jan ido mai saurin yaɗuwa ta ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata, sai jama'a suka danganta su. Ciwon yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke makantarwa shi ne abin da ake zubawa a ido, kamar fitsari ko ruwan batir ko tsimin ganye.

3.0 Cututtukan da Ba Su da Alama

Gilakoma ita ce ta biyu wajen haddasa makanta a Nijeriya, da kashi 16.7 cikin ɗari. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa wanda ke fita ta wasu ƙananan magudanai. Idan magudanan suka cushe, matsin ruwan kan hau ya riƙa kashe jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Nau'in da ya fi yawa a tsakanin baƙar fata ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya tana nan lafiya, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kafin mutum ya farga yana karo da ƙofa ko yana tuntuɓe, ɓarna ta yi nisa, kuma jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Binciken ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin 20 masu shekara 40 zuwa sama yana da ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance.

Sunan da aka ƙirƙira mata a kafafen yaɗa labarai, hawan jinin ido, ya yi amfani ta fuskar nuna cewa ciwo ne na ɓoye mai buƙatar magani har ƙarshen rayuwa. Amma yana da illa. Matsin na ruwan ido ne, ba na jini ba. Wanda aka auna jininsa aka ce lafiya lau yana iya ɗauka ya tsira, mai shan maganin hawan jini kuma ya zaci ya wadatar da idonsa.

Ciwon suga ma yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bangon bayan ido, inda hoto ke sauka, shekaru kafin gani ya ragu. Wannan lahani har yau ba shi da tsayayyen suna a Hausa.

4.0 Abin da Gwaji Ya Ƙunsa

Gwajin ido ya wuce karanta haruffa a allo. Mutum yana iya karanta layin ƙarshe alhali gilakoma ta ci rabin jijiyarsa. Cikakken gwaji ya haɗa da auna ƙarfin gani na nesa da kusa, da auna matsin ido wanda a bisa al'ada yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, da ɗiga maganin da ke buɗe ido domin a leƙa jijiya da bangon baya, da gwada faɗin gani idan an yi shakka.

Wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba shi ko da bai ji komai ba, ya kuma riƙa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu. A wannan shekarun ne ma ƙaramin rubutu ke fara gagarar karatu, abin da tabarau mai araha ke gyarawa, don haka zuwa neman tabarau dama ce ta yin cikakken gwaji. Mai ciwon suga yana buƙatar gwaji duk shekara. Wanda aka samu gilakoma a gidansu ya fara da wuri, domin tana bin jini. Yaro mai harara-garke ko farin ɗigo a tsakiyar ido a kai shi nan take. Wuraren zuwa sun haɗa da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, a fili yake cewa taskar kalmomin Hausa ta wadatu da sunayen cututtukan da ido ke gani, ta kuma gaza a kan waɗanda sai na'ura ke ganowa. Karin maganar rigakafi ya fi magani ba za ta yi aiki a kan ciwon da mutum bai san sunansa ba. Saboda haka akwai buƙatar masana harshe da al'ada su zauna da likitocin ido, su tattara sunayen da ake amfani da su a karuruwan Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, su tantance wanda ke faɗakarwa da wanda ke ɓatarwa, sannan su daidaita kalmomin da za a yi amfani da su a rediyo da asibiti da littattafan makaranta.