Namiji da Mace: Wa Ke Nema, Wa Ke Zaɓe?

 Batun yau sai an sa kunya, amma za mu taɓa shi.

Duk mai kiwo ya san rago ɗaya ya ishi garke guda, tunkiya kuwa in ta ɗauki ciki sai ta yi wata biyar, sannan ga shayarwa. Daga irin wannan lura masana ilimin halittu suka gina bayaninsu. Charles Darwin na Ingila ya yi dogon bayani a kan zancen a 1871. A 1972 Robert Trivers na Amurka ya ɗaure shi a ka'ida ɗaya: a kowace irin halitta, wanda ya fi shan wahalar haihuwa da reno shi ya fi tsantseni wajen zaɓen abokin tarayya, ɗayan kuma shi ne mai zarya da kokawa da 'yan'uwansa. A wurin ɗan Adam, in ji su, wata tara na ciki da shekara biyu na goyo su suka sa mace ba ta gaggawa.

David Buss ya gwada wannan a 1989, ya tambayi mutum sama da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya. Mata sun fi ba da muhimmanci ga abin hannun namiji, maza sun fi duba ƙuruciya da kyau. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba, dukkansu sun sa kirki da hankali a sahun gaba.

Ka'idar ma tana juyawa. Akwai wani tsuntsun fadama mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado, masana na ce masa jakana. Macen ta fi girma, tana da maza da yawa, namijin ne ke kwanci da renon 'ya'ya. A Nijar kuma, wurin bikin Gerewol, samarin Wodaɓe ne ke shan kwalliya su jeru, 'yan mata su zaɓa. A 1999 Alice Eagly da Wendy Wood suka sake bin alƙaluman Buss, suka ga inda mata ke da abin kansu, damuwarsu da aljihun namiji tana raguwa.

Shi ya sa, jama'a, ban yarda da mai fakewa da "ai namiji ne, haka aka halicce shi" ba. Binciken nan matsakaicin halin dubban mutane ya auna, bai wanke Malam wane da ya bar iyali ba cefane ya tafi zance ba. Ko su masanan ba su ce abin da jiki ke so shi ne daidai ba, wannan hurumin addini da tarbiyya ne.

Iyaye mata, ku muke son ji: da me kuke auna mai neman 'yarku?