Tumbi Ba Ya Narkewa Da Shayin Talla

Har gobe a wasu majalisu, idan mutum ya fara ajiye tumbi sai ka ji ana ce masa, "Alhaji, daula ta samu!" Likitoci kuwa ba haka suke kallon abin ba. Kitsen da ke taruwa can cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, ya fi na cinya ko damtse haɗari nesa ba kusa ba. Yana dakushe aikin sinadarin insulin, daga nan ciwon suga da hawan jini su samu ƙofar shiga.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tallan shayin rage tumbi da ya cika Facebook da TikTok. Da yawa daga cikin irin wannan shayin akwai ganyen filasko a ciki, wanda kakanninmu suka sani da sa gudawa. Ruwa ne ke fita daga jiki, kitsen yana nan daram. Bel ɗin ɗaure ciki ma matsewa kawai yake yi, da an kwance shi tumbin ya dawo. Hatta mai kwanciya a tabarma yana tashi yana komawa sau ɗari, tsokar cikinsa ce ke ƙarfi. Jiki ba ya zaɓar inda zai ƙona kitse. Daga ko'ina yake ɗiba, idan abin da aka ci bai kai abin da aka ƙona ba.

Tsaya a teburin mai shayi da safe ka ƙirga. Cokali huɗu na suga a kofi ɗaya, a tsiyaya madarar gwangwani, a haɗa da burodi. Da rana tuwon shinkafa malmala uku, a kora da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suga kada ya wuce kusan giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, alhali kwalbar lemo ta rabin lita kaɗai tana iya cinye wannan adadin. Najeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon kwalba a 2022, amma sha bai tsaya ba.

Maganin yana gidajenmu: wake, zogale, rama, kuɓewa, tuwon dawa ko gero a madaidaicin kwano, da fura ba tare da an zuba mata suga ba. Sai motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar yadda hukumar ta shawarta a 2020. Tafiya da sauri zuwa kasuwa a maimakon hawan adaidaita ta isa farawa.

Mai karatu, samo zare ka auna tsayinka, ka ninke zaren gida biyu, ka zagaya shi daidai cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, ka fara gyara tun daga shayin gobe da safe.